Ranar da Na Ari Kwat ɗin Attajiri

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sa wa mutane kayan da ba nasu ba. Aikina ke nan a harkar fim. A kawo mini yaron da ko kuɗin motar zuwa lokeshin sai an tura masa, a ce kafin a kunna fitilu in mayar da shi mai kamfani. A kawo mini wani jibgege mai sheƙin fata, a ce so ake a gan shi a tausaya masa. Kuma ina iyawa, ba yabon kai ba. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne wata rana ni zan tsaya gaban madubi in yi wa kaina wannan aikin, ya kuma karɓe ni, karɓar da ta kusa raba ni da duk abin da na mallaka.

Asalina tela ne. Maigidan da ya koya mini ɗinki, Allah Ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne, amma akwai abu guda da ba ya gajiya da nanatawa: kafaɗa ita ce riga. Hannu in ya yi tsawo a rage, ƙugu in ya yi faɗi a tsuke, amma kafaɗa in ta ɓaci sai dai a sake yanka. Ya sha sa ni farke aikin yini guda saboda ɗinkin kafaɗa ya zarce da abin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba. A lokacin gani nake mugunta ce kawai.

Fim kuwa da dutsen guga na shige shi. Aka ce ana neman mai wanki da guga na sati biyu, na je don in rage zafi. Kwana na huɗu wandon jarumin ya yage ana tsakiyar ɗauka, babu na canji, rana tana shirin faɗuwa, darakta yana ta faɗa. Na karɓa na ɗinke da hannu ta yadda kyamara ba ta gani ba. Matar da ke riƙe da sashen sutura, wadda kowa ke kira Hajiya, ta juya wandon ciki-waje, ta duba, ta dube ni. "Gobe ka bar gugar nan, ka zo wurina." Daga ranar ta zama uwar ɗakina.

Aikin farko da ta ba ni na kwafsa. Aka ce a shirya kayan wani lebura, magidanci mai ƙaramin ƙarfi. Na sayo riga mai araha, na sa almakashi na tsattsaga ta, na shafa mata ƙasa, na kawo ina jiran yabo. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗana, wannan ai mahaukaci ka haɗa, ba talaka ba. Talaka ba ya yawo da yaga. Da faci yake yawo, don rigar ke nan gare shi, tattalinta yake." Ta zaunar da ni ta nuna mini inda tufa take fara mutuwa: bakin kwala inda wuya ke goga, gwiwar hannu, bakin aljihu, bayan kafaɗa inda rana ke ci. Muka bi wuraren nan da samfefa a hankali, muka wanke rigar sau takwas, muka shanya ta a rana kwana uku. Sannan ta sa na yi faci da zaren da launinsa ya ɗan saɓa, ta canza maɓalli ɗaya da wanda ba irin sauran ba. Da aka haska fitowar, mutumin bai buɗe baki ba, amma kowa ya san matarsa mai tsafta ce, kowa kuma ya san babu.

Na attajiri ya fi wuya, don sabon shiga ɗauka yake kuɗi ƙyalli ne. Hajiya ta raba mini su gida biyu. Wanda ya samu jiya, a ba shi abin da ke walƙiya, agogon da ya fi ƙarfin hannu, takalmi sabo fil yana ƙara. Wanda ya daɗe a ciki kuwa, launinsa ba ya hayaniya, yadinsa mai nauyi ne, takalminsa ya sha tafiya amma ya sha goga, kayan kuma sun zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa su. A nan na gane abin da maigidana yake nufi. Mai kallo bai san ɗinki ba, ba zai ce maka kafaɗa ta zarce ba. Abin da zai ce shi ne, "Wannan bai yi kama da mai kuɗi ba." Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ita ma kyamara da tata fitinar: yadi mai siraran layuka rawa yake yi a allo, fari tas kuma haske yake har ya cinye fuskar mai shi, sai mun ɗan kashe shi da rini.

Wani darakta mai son karance-karance shi ya fara nuna mini cewa abin ya wuce fim. Ya buɗe mini hoton muhawarar John Kennedy da Richard Nixon da aka yi a Shikago ranar 26 ga Satumba 1960, karon farko da 'yan takarar shugabancin Amurka suka kara gaba da gaba a talabijin. Ya ce in duba da idon tela. Kennedy cikin kwat mai duhu, ya fito raɗau daga bangon da ke bayansa. Nixon ya sa mai ruwan toka, a allon baƙi da fari ya kusa narkewa cikin bango. Bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Mutum sama da miliyan 60 suna kallo. Ba zan ce kwala ce ta kayar da shi zaɓe ba, amma da na ga wuyan nan yana iyo cikin riga, hannuna ƙaiƙayi ya riƙa yi. Gyaran bai fi na minti ashirin ba.

Shi ne kuma ya ba ni labarin yadda Charlie Chaplin a 1914 ya haɗa kayan da duniya ta san shi da su: burgujejen wando, matsattsen kwat, ƙaramar hula, manyan takalma, da sanda, kowanne yana faɗa da ɗan'uwansa da gangan. Chaplin ya faɗa daga baya cewa sai da ya sa kayan sannan ya fara sanin mutumin da zai fito a matsayinsa. Wannan ba sai an rantse mini ba.

Akwai wani yaro mai kunya, in yana magana ƙasa yake kallo. Aka ba shi matsayin shugaban kamfani, kowa yana cewa an yi asara. Na ɗinka masa kwat shuɗi mai duhu, na ɗan cika kafaɗun, na ba shi takalmi mai nauyi. Takalmin ya rage masa sauri, kwat ɗin ya hana shi ranƙwafawa, kwalar ta ɗaga masa haɓa. Kafin azahar muryarsa ta yi kauri. Amma mu da ke bayan kyamara mun fi shi ba ni mamaki. Masu fitila da suka saba aikensa, ranar sai ga ɗayansu ya jawo masa kujera. Wani ya ce masa "yallaɓai" da wasa, zuwa yamma wasan ya fita daga ciki. Bayan wata biyu yaron nan ya fito a mabaraci a wani fim, kuma a kan idona mai gadin gidan da muke aiki ya kore shi daga bakin ƙofa.

Kayan sarki kuwa, kakin 'yan sanda da na soja, Hajiya ƙirga su take kowane dare kamar kuɗi, ta kulle da kanta. Na tambayi dalili, daraktan ya amsa da labarin Wilhelm Voigt, wani mai ɗinkin takalma a Jamus, tsohon fursuna. Ya tsinci kakin kyaftin a shagunan gwanjo. Ranar 16 ga Oktoba 1906 ya sa shi, ya tare sojoji kimanin goma a kan titi ya ce su biyo shi. Suka bi, ba wanda ya nemi takarda. Ya kai su garin Köpenick kusa da Berlin, ya kama magajin gari, ya karɓi dubban mak, kuɗin Jamus na lokacin, daga baitulmali, har da ba da rasit, ya yi gaba. Bayan kwana goma aka kama shi, aka yanke masa shekara huɗu, sarkin Jamus ya yi masa afuwa a 1908. Muka sha dariya ranar. Ni har da cewa waɗannan wane irin wawaye ne. Ku riƙe mini wannan maganar.

Harkar fim ba ta da tabbas, wata uku aiki, wata biyu zaman jira. Da na yi aure yara suka fara zuwa, sai na haɗa ɗan abin da na tara na sayi kekuna shida, na buɗe wurin ɗinka kayan ma'aikata, irin na otal da masu gadi da 'yan makaranta. Aikinmu mai kyau ne, ko maƙiyi ya shaida. Amma ƙananan ayyuka muke samu, ashirin nan, talatin can. Sai na ji wani babban kamfani zai canza wa ma'aikatansa kaya gaba ɗaya.

Na je yadda nake, daga kan keke: riga da guntayen zare, tef a wuya, samfur a leda. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, masu gyara ta baya suke bi."

"Baba, manaja nake son gani."

"Na ji. Ta baya."

Awa uku na yi a kan benci tare da masu kawo kaya. Daga ƙarshe sakatariya ta leƙo, ta karɓi ledar da yatsa biyu, ta ce za a kira ni. Sau uku ina zuwa. A na ukun na hango ledata a ƙarƙashin teburinta, ƙullin da na yi mata yana nan yadda yake.

Daren nan ban runtsa ba. Rashin aikin bai ci mini rai kamar wannan ba: ni da nake ƙera manyan mutane da hannuna, a ce ni ake turawa baya. Da asuba na tafi ɗakin ajiyar kayan fim, ina da mabuɗi. Kwat ɗin yaron nan mai kunya yana rataye, kuma kusan jikinmu ɗaya. Na ɗauka, na haɗa da takalmin. Na ɗauki jakar fata da muke cusa wa tsofaffin jaridu don ta cika. Na ɗauki agogon da ke tafiya da kayan, mai kyan gani, wanda bai taɓa aiki ba tun da aka sayo shi. Allurarsa tana kan goma da minti goma, don a nan take yi wa kyamara kyau. Ban gaya wa Hajiya ba. Na ce ai aro ne, kafin la'asar na mayar.

Na yi hayar mota ta sauke ni a bakin ƙofa. Mai gadin nan, shi ɗin dai, ya ƙame ya sara mini. "Barka da zuwa, yallaɓai." Sakatariya ta miƙe tsaye, ta tambayi sunan kamfanina. Cikin minti biyar ina zaune gaban manaja. Samfurin da na ciro daga jakar fata irin na cikin ledar nan ne da ke ƙarƙashin tebur a waje, yadi ɗaya, hannu ɗaya. Ya shafa shi sama-sama, ko juya shi bai yi ba ya ga ɗinkin ciki, alhali a nan ƙarfina yake. Ni yake kallo.

"Saiti nawa kuke fitarwa a wata?"

Gaskiyar magana ɗari huɗu ne, in keke bai lalace ba, in kuma babu wanda ya kwanta ciwo. Sai na ji bakina ya ce, "Dubu biyu, ranka ya daɗe." Wallahi har yau ji nake kamar ba ni na faɗa ba. Mutumin da ke cikin wannan kwat ba zai ce ɗari huɗu ba, bai dace da kafaɗunsa ba. Aka ba ni saiti dubu uku cikin sati shida, da kafin alƙalami mai tsoka. Kwat ɗin da na ce zan mayar kafin la'asar ya kusa wata uku a wurina.

Ga inda za ku yi mini dariya, kuma na cancanta. Aiki irin wannan yana son yadi mai yawa, launi ɗaya, daga rini ɗaya. Ina cikin nema aka haɗa ni da wani mutum da aka ce yana ɗauko yadi kai tsaye daga masaƙa. Ya zo cikin kwat mai ruwan toka, ƙamshi mai sanyi, magana a hankali. Na yi masa kallon sana'a, na kuma ga abu biyu. Tambarin masu ɗinki yana nan liƙe a bakin hannun kwat ɗin, wanda ake cirewa ranar da aka saya. Tsagar baya kuma har lokacin tana kame da zaren nan mai siffar gicciye da ake sa mata don kada ta buɗe a shago. Duk wanda ya saba da kwat ya san tsinke shi ake yi. Wato ko jiya ya fara sawa, ko gobe zai mayar. Idona ya gani, zuciyata ta ce kai ma fa na aro ne a jikinka, kuma ai kai ba ɓarawo ba ne. Na zuba masa kusan duk kafin alƙalamin. Ya kawo kashi ɗaya cikin uku na yadin, wayarsa ta daina shiga, ofishin da ya kai ni ashe hayar sati ce.

Ni ne mai cewa sojojin Jamus wawaye.

Shi ya sa lokacin da ake shari'ar Elizabeth Holmes a Amurka ban yi wa kowa dariya ba. Ita ce ta kafa kamfanin Theranos, ta ce da ɗigon jini daga ɗan yatsa za a yi gwaje-gwaje masu yawa, har aka yi wa kamfanin kimar dala biliyan 9. Kullum tana cikin baƙar riga mai dogon wuya, irin wadda aka san Steve Jobs na Apple da ita. Na'urar ba ta yin abin da aka ce tana yi. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, ta yanke mata sama da shekara 11. Waɗanda suka yarda da ita ba yara ba ne, a hukumar kamfanin har da tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka biyu. Ban ce riga kaɗai ta ruɗe su ba. Amma na san abin da ke samun mutum in ya ga kamannin abin da ya daɗe yana fatan gani. Kowa ya haddace cewa kama da wane ba ta wane, sai dai a bakin ƙofar ofis muke ajiye haddar.

Sauran labarin ba shi da daɗin ji, zan taƙaita. Na ci bashi na sayi yadi a wuri uku, launin ya fito iri uku, in aka jera ma'aikata sai ka ce ba gida ɗaya suke ba. Na rarraba aikin ga telolin da ban san hannunsu ba, kafaɗu suka fito yadda suka ga dama. Na makara da sati biyar, aka karɓi ƙasa da rabi, aka dawo mini da sauran. Manajan bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka ce mana ɗari huɗu, da mun ba ka ɗari huɗu." Na sayar da keke huɗu cikin shida. Yaran shagona suka watse, biyu suka tsaya. Mai ɗakina ta sayar da kayan adonta ba tare da na roƙa ba, kuma ba ta taɓa goranta mini ba, Allah Ya saka mata da alheri. Shekara biyu da wata bakwai ina biyan bashi.

Ranar da na mayar da kwat ɗin na tarar da Hajiya a ɗakin ajiya tana ɗinka maɓalli. Na durƙusa na faɗi komai. Ba ta ɗago ba sai da ta gama ta cije zaren.

"Tun ranar na ga hangar a tsiraice. Na ce bari in ga inda zai kai ka."

"Hajiya, kayan nan ne suka ja mini."

"Kul! Kada ka ɗora wa kwat laifi. Wa ya ɗinka shi?"

"Ni ne."

"To me ya gaya wa manajan? Ya ce ga gwanin tela. Ƙarya ya yi?" Na yi shiru. Ta ɗauko agogon ta kaɗa shi kusa da kunnenta, ta zazzage jaridun jakar a ƙasa. "Waɗannan su ne maƙaryatan. Su da bakinka."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da farko so na yi in koma cikin masu cewa tufa ba komai ba ce, hali shi ne mutum. Zancen yana da daɗin faɗa, amma na lura yawanci waɗanda sunansu ya riga ya shige musu gaba ne suke faɗinsa. A 2012, da za a fara sayar da hannun jarin Facebook, Mark Zuckerberg ya je gaban masu zuba jari cikin rigar sanyi mai hula. Wasu suka ce raini ne, aka kuma sayi hannun jarin. Rigar nan ma magana take yi, cewa take ku kuke nemana. Shi ɗin ne kuma a 2018, da majalisar dokokin Amurka ta kira shi ya amsa tambayoyi kan bayanan mutane, ya bayyana cikin kwat da naktaye. Ya san inda aka fi shi ƙarfi. Ni da ba wanda ya san sunana, in na je da guntayen zare a kafaɗa, ba mai cewa sauƙin kai ne. Baya za a nuna mini.

Ba adalci ba ne, na sani. Mai gadin nan bai fi ni samu ba, amma an koya masa ya auna mutane da yadi, kuma in ya shigar da wanda bai kamata ba shi za a kora. Mata kuwa abin ya fi yi musu tsanani. Na ga jarumar da ta yi wasan da ya sa mu hawaye a lokeshin, fim ya fito, ba a yi zancen komai ba sai abin da ta sa. Ina jin haushin wannan har gobe, amma haushina bai taɓa buɗe mini ƙofa ba.

Abin da na yi shi ne na zauna na ɗinka wa kaina kaya, wanda abin kunya ban taɓa yi da natsuwa ba duk shekarun nan. Ba kwat ba. Riga da wando na aiki, yadi mai kauri, kafaɗa daidai, da aljihun tef da alli, saiti uku iri ɗaya. Ba sa sa a sara mini, amma ba a sake tura ni baya ba. In na zauna gaban mai ba da aiki, kafin ya tambaya nake juya samfur ciki-waje in tura masa, in ce ya ja ɗinkin da ƙarfinsa. In ya tambayi adadi in faɗi na gaskiya. Wasu daga nan suke sallamata. Wasu sun ba ni ɗan abin da zan iya, suka kuma dawo.

Wani otal ne ya tsayar da ni da ƙafafuna, ma'aikata tamanin da 'yan kai. A da girma uku ake sayo musu, ƙarami da matsakaici da babba, kowa ya faɗa cikin wanda ya samu, yadin roba mai zafi, ko aljihu babu. Na ce ni sai na auna kowa, ko da zai ci mini kwana huɗu. Mai otal ɗin ya ce ɓata lokaci ne, na ce nawa ne lokacin. Akwai wani dattijo mai ɗaukar jakunkunan baƙi, kafaɗarsa ta dama ta sauka saboda shekarun dako. Na yanka wannan gefen daban, na ɗan cika shi, rigar ta zauna. Bayan wata guda na koma kai ragowar kaya, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, shekara goma sha tara ina wurin nan. Sai yanzu baƙi suke gaishe ni kafin su miƙo jaka."

Ko baƙin ne suka canza, ko shi ne ya fara tsayuwa daban, ni dai yaron nan mai kunya na gani a gabana da furfura. Tun daga nan, in mai kamfani ya ce in yi wa ma'aikatansa mafi araha, nakan gaya masa cewa duk abin da ya sa musu, su za su fara karanta shi kafin abokan cinikinsa.

Fim ban bar shi gaba ɗaya ba. Hajiya ta manyanta, idonta ya yi rauni, in aiki ya zo ni take turawa. A 2019 Ruth Carter ta ci kyautar Oscar ta tsara sutura da fim ɗin Black Panther, baƙar fata ta farko da ta ci wannan rukuni tun da aka fara ba da shi a 1949. Na kai wa Hajiya hotunan a waya. Ta kusanto da fuskarta tana bin su ɗaya bayan ɗaya, bargunan mutanen Lesotho, duwatsun adon Masai, zobban wuyan matan Ndebele. Ba ta ce komai kan kyautar ba. Ta ɗora yatsa a kan wata riga ta ce in ƙara girman hoton, tana son ganin yadda aka haɗa kafaɗar.

Kwat ɗin yana wurina yanzu. Da aka tashi rage kayan ɗakin ajiya ta ce in ɗauka, na fi kowa biyan kuɗinsa. A watan jiya ɗaya daga cikin yaran nan biyu da suka tsaya da ni, wanda yanzu shi ke yanka, ya samu kiran wasu masu makaranta da ke son kayan ɗalibai, aikinsa na farko da sunansa. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya sosa ƙeya.

"Maigida, ko za a ara mini kwat ɗin nan, na gobe kawai?"

Na ce ya miƙo tef. Ya tsaya na auna shi, kafaɗa sau uku. Muka kwana a kan keke ni da shi, zuwa asuba riga da wando sun fito, aka goge. Ya sa, ya tsaya gaban madubi ya daɗe bai ce uffan ba.

"Saiti nawa za ka ce musu?"

"Ɗari da hamsin, Maigida."

"Ɗari da ashirin. Kekenka ɗaya yana tsallake."

Ya yi dariya. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce agogon fa, ko zai ɗan ɗaura don kada hannu ya zauna haka. Na ce ya duba lokaci a wayarsa. Ya fita, ina tsaye ina kallon bayansa, sai na hango ɗan layin alli a kafaɗar hagu wanda guga ba ta ɗauke ba. Na zari buroshi na bi shi da gudu.